Kap Ber: Sahel a Tsakiyar Teku

Ranar da na fara sauraren sunan Kap Ber da kunnen basira, muna zaune ne a site bayan sallar isha'i, kuran ya tafi, hazo ya rufe Harobanda har ba a ganin fitilun gadar Kennedy. Wani abokina mai karatun noma yana ba ni labarin cibiyar AGRHYMET da ke nan maƙwabtaka da jami'armu, yana lissafo ƙasashen CILSS, wato kwamitin ƙasashen Sahel na yaƙi da fari. Ya ce Nijar, Mali, Burkina, Cadi, Moritaniya, Senegal, Gambiya, sai kuma ya ce Kap Ber. Na ce masa tsaya malam, tsibirin da ruwa ya kewaye, me ya haɗa shi da fari? Ya yi dariya, ya ce wannan ƙurar da kake shaƙa yanzu, nan da ƴan kwanaki su ma ita za su shaƙa.

Ashe gaskiya ya faɗa. Iskar hunturu da ke kwaso ƙura daga Sahara ba ta tsayawa a bakin teku. Tana wucewa har tsibiran nan, inda suke kiran ta bruma seca, ma'ana busasshen hazo, kuma wani lokaci har jiragen sama take hanawa sauka. Daga wannan dare na shiga neman labarin ƙasar. Abin da na tarar shi ne nake son mu duba tare, ƴan'uwa, domin ƙasa ce da ta yi kama da tamu fiye da yadda taswira take nunawa, kuma akwai wata matsala ta harshe da ta fi shekara 50 tana fama da ita, wadda mu yanzu muka shiga cikinta tsundum.

Ƙasar da aka tarar babu kowa

Kap Ber, ko Cabo Verde kamar yadda gwamnatinta ta nemi a riƙa kiran ta a kowane harshe tun 2013, tsibirai ne guda 10 a tekun Atlantika, kimanin kilomita 570 yamma da Dakar. Tara daga cikinsu ne ke da mutane, Santa Luzia babu mazauna. Faɗin ƙasar duka murabba'in kilomita 4,033 ne, tamu kuwa 1,267,000. Mutanenta wajen rabin miliyan ne, wato ba su kai rabin mutanen Yamai ba. Sunan ma aro ne daga tsinin ƙasar da Dakar take kai, wanda Turawan Fotugal suka kira kore saboda itatuwan da suka gani. Su tsibiran dai duwatsu ne da busasshiyar ƙasa, da dutse mai aman wuta a Fogo wanda tsayinsa ya kai mita 2,829, kuma ya yi aman wuta a 1995 da 2014. Damina gajera ce, daga Agusta zuwa Oktoba, ita ma in ta ga dama.

Sa'ad da matuƙan jiragen Fotugal suka iso wajen 1460, ba su tarar da kowa ba. A 1462 suka kafa garin Ribeira Grande a tsibirin Santiago, wanda yau ake kira Cidade Velha, tsohon birni. Turawa ba su yi ɗokin zuwa su zauna a wuri mai nisa da ƙarancin ruwa ba, don haka a 1466 sarkin Fotugal ya ba mazauna Santiago izinin yin fatauci da gaɓar Afirka. Babbar hajar wannan fatauci kuwa mutane ne. Aka riƙa kamo Wolof da Mandinka da Fulani da Balanta da Papel da sauran ƙabilun yankin Senegal zuwa Gine, ana tara su a Ribeira Grande, a yi musu baftisma, a koya musu ɗan Fotugis, sannan a loda mafi yawansu zuwa ƙasashen Amurka. Har yau ginshiƙin dutsen da ake ɗaure bayi a hukunta su yana tsaye a dandalin garin, kuma UNESCO ta sa Cidade Velha cikin wuraren tarihi na duniya a 2009.

Waɗanda aka bari a tsibiran su suka yi noma, suka yi kiwo, suka yi saƙa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne saƙar. Masaƙan da aka kamo sun zo da sana'arsu ta saƙa ƴan siraran sawaye na auduga, a rina da baba, a haɗa su zama zane. Duk wanda ya taɓa ganin masaƙa a ƙauyenmu ya san irin aikin. Wannan zane, panu di tera, ya yi daraja har ya zama kamar kuɗi a gaɓar Gine, ana sayen wasu bayin da shi. Ka ga zalunci: hannun bawa ne ke saƙa kuɗin da za a sayi ɗan'uwansa.

Dukiyar garin ta jawo masa ƴan fashin teku. Francis Drake na Ingila ya kai masa hari a 1585, Jacques Cassard na Faransa ya washe shi a 1712, daga baya a 1770 aka mai da babban birni Praia. A irin waɗannan rikice-rikice bayi da yawa sukan gudu su shige duwatsun tsakiyar Santiago. Turawa suka sa musu suna vadio, wato ɗan yawon banza. Kalmar ta koma badiu a bakin mutane, kuma yau mutumin Santiago da alfahari yake kiran kansa da ita.

Yunwa

In kana son ka gane Kap Ber, to ka fara da yunwa. Mu nan mun san yunwa har muna sa mata suna, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914 da kakanninmu suka ba iyayenmu labari. Amma mu in fari ya yi tsanani, mutum yakan ɗaure kayansa ya yi kudu, ya tafi Kano ko Kurmi cin rani. Mutumin tsibiri fa, ina za shi? Teku ce gaba, teku ce baya. In jirgi bai zo da hatsi ba, shi ke nan.

Haka aka yi ta yi ƙarni bayan ƙarni. An yi babbar yunwa a shekarun 1770, an yi wata a farkon shekarun 1830, an yi a 1860 da wani abu, an sake yi a farkon ƙarni na 20. Biyu na ƙarshe, ta 1941 zuwa 1943 da ta 1947 zuwa 1948, ana ƙiyasta sun ci rayuka wajen 45,000 a ƙasar da mutanenta ba su kai 200,000 ba a lokacin. Gwamnatin Salazar da ke mulkin Fotugal ba ta son a ji labarin a waje. Ranar 20 ga Fabrairu 1949, bangon wurin da ake rabon abinci a Praia ya rufta kan jama'ar da ke jiran abin sawa a baki, sama da mutum 200 suka mutu nan take.

Maganin da masu mulki suka ga ya fi musu sauƙi shi ne kwashe mutane zuwa gonakin koko na São Tomé da sunan kwantiragi, aikin da bambancinsa da bauta kaɗan ne. Da yawa ba su dawo ba. Waƙar Sodade da Cesária Évora ta yi fice da ita a duniya, a kan wannan tafiya take magana. Kalmar sodade kuwa tana nufin abin da mu za mu kira bege ko kewa, irin wadda ke kama matar da mijinta ya tafi bida shekara uku babu labari.

Wasu sun bi wata hanyar. Tun ƙarni na 19 jiragen Amurka masu farautar balen, manyan dabbobin tekun nan da ake tatsar mai a jikinsu, sukan tsaya a Brava da Fogo su ɗebi ma'aikata. Ta haka mutanen Kap Ber suka kafa unguwanni a New Bedford da Boston da kewayensu. Daga baya aka samu na Dakar, da Lisbon, da Rotterdam, da Paris. Yau ana cewa waɗanda ke waje, in an haɗa da jikokinsu, sun fi na gida yawa, kuma kuɗin da suke aikowa na daga cikin ginshiƙan tattalin arzikin ƙasar.

Harshen da aka haifa a tsibiri

Yanzu bari in shiga gonata. Ka tara Bawolofe da Bamandinke da Bafulatani da Baturen Fotugal a wuri ɗaya, babu mai jin harshen wani, dole a yi magana. Manya suka yi ta haɗa-haɗa da kalmomin ubangida. Yaran da aka haifa a wurin suka tashi da wannan haɗin a matsayin harshen uwa, suka daidaita shi, ya samu nahawunsa. Shi ne Kriolu, ɗaya daga cikin mafi tsufan irin waɗannan harsuna da ake magana da su har yau.

Mafi yawan kalmominsa daga Fotugis suke, amma ginin jimla daban ne. A Fotugis, kamar Faransancin da ya wahalar da mu a lakwal, aikatau ne ke canza wutsiya: como, comi, comerei. A Kriolu na Santiago aikatau yana nan yadda yake, ƴar ƙaramar kalma ce ke shiga gabansa ta nuna yanayin aikin. N kume, na ci. N ta kume, nakan ci. N sa ta kume, ina ci. N ka kume, ban ci ba. Ranar da na ga wannan jeri a wata takarda sai da na yi murmushi, domin Bahaushe ba ya buƙatar dogon bayani kafin ya gane tsarin. Ba ina cewa Kriolu daga Hausa ya fito ba, a'a, babu wannan dangantaka. Ina dai nuna cewa abin da Turawan mulki suka kira lalataccen Fotugis tsari ne cikakke, irin wanda harsunan Afirka ta Yamma da dama suke da shi.

Da Kriolu ake duk wani abu mai rai a ƙasar. Da shi mata ke yin batuku, suna zaune da'ira suna dukan dunƙulen zane a tsakanin cinyoyinsu. Da shi ake funaná, kiɗan ƙauyukan Santiago na akodiyon da ɗan ƙarfen da ake gogawa da wuƙa, wanda coci da gwamnatin mulkin mallaka suka ƙyamata. Da shi ake morna, waƙar bege mai sanyi, wadda Eugénio Tavares na Brava ya rubuta da yawa daga cikinta, wadda kuma UNESCO ta amince da ita a matsayin gadon ɗan'adam a 2019. Cesária Évora, ƴar Mindelo da ke hawa dandali babu takalmi, da Kriolu ta ci kyautar Grammy a 2004. Da shi ake cinikin masara da waken da za a dafa kacupa, abincin da kowane gida ya sani. Amma takarda, da kotu, da aji, na Fotugis ne.

Ko marubutan farko da suka tashi nuna cewa Kap Ber tana da nata ruhin, wato su Baltasar Lopes da Manuel Lopes da Jorge Barbosa da suka kafa mujallar Claridade a Mindelo a 1936, mafi yawan aikinsu da Fotugis suka yi. Sun rubuta fari da yunwa da hijira da gaskiya, Baltasar Lopes ma ya wallafa nazari a kan Kriolu a 1957. Sai dai na bayansu sun zarge su da karkata ga Turai, da rage wa gefen Afirka daraja. Wannan tambaya, mu ƴan Afirka ne ko wani abu daban, ba ta bar ƙasar ba har gobe.

Cabral da auren da ya mutu

Tambayar tana da tushe. Fotugal ta ba mutanen Kap Ber ɗan ilimi fiye da sauran yankunan da ta mallaka, an buɗe makarantar share fagen limaman coci a São Nicolau tun 1866, kuma ta riƙa tura su Gine da Angola a matsayin akawu da ƙananan jami'ai. Wato wanda aka zalunta a gida ya zama sandar da ake dukan wani a waje.

Amílcar Cabral ya so ya warware wannan ƙulli. An haife shi a Bafatá ta Gine a 1924, iyayensa ƴan asalin Kap Ber, ya yi sakandare a Mindelo a shekarun yunwa, ya karanta aikin gona a Lisbon. A 1956 shi da abokansa suka kafa jam'iyyar PAIGC domin ƴantar da Gine da Kap Ber tare. Tsibiri ba wurin yaƙin sunƙuru ba ne, babu daji, babu iyakar da za a tsallaka, don haka a dazuzzukan Gine aka fara yaƙin a 1963. A can ma irin Kriolu na Gine ne ya haɗa mayaƙa masu harsuna daban-daban. Duk da haka Cabral da kansa ya tsaya kan cewa Fotugis ne za a yi karatu da shi, domin a ganinsa shi ne ke da rubutu da kalmomin kimiyya a shirye. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

An kashe Cabral a Konakiri ranar 20 ga Janairu 1973. Sojoji suka kifar da gwamnatin Lisbon a Afrilu 1974, watan da mu ma Seyni Kountché ya kifar da Diori Hamani ana tsakiyar fari. Kap Ber ta samu ƴancin kai ranar 5 ga Yuli 1975, Aristides Pereira shugaban ƙasa, Pedro Pires firaminista. Jam'iyya ɗaya ke mulkin ƙasashen biyu, taken ƙasa ɗaya, tutoci kusan iri ɗaya, da niyyar haɗewa. Ranar 14 ga Nuwamba 1980 Nino Vieira ya kifar da Luís Cabral, ƙanen Amílcar, a Bisau, kuma cikin dalilan har da ƙorafin cewa ƴan Kap Ber sun mamaye shugabanci. Auren ya mutu. A 1981 reshen tsibiran ya koma PAICV.

Siyasar wanda ba shi da rumbu

A 1975 mutane da yawa sun ɗauka ƙasar ba za ta rayu ba. Babu ma'adinai, babu kogi, ƙasar noma kusan kashi 10 cikin 100 ce, ga fari tun ƙarshen shekarun 1960. Amma tun daga ƴancin kai ba a sake yin yunwar da ta kashe jama'a ba. Dabarar da suka yi da taimakon abinci abin lura ce. Maimakon a raba hatsin kyauta, gwamnati takan sayar da mafi yawansa a kasuwa, kuɗin kuma a biya mutanen karkara su yi aikin gayya na ƙasa: gina matakalan dutse a jikin tuddai, tare kwazazzabai, dasa itatuwa, shimfiɗa hanyoyin dutse. Mutum ya samu albashi ya sayi abinci, ƙasa kuma ta riƙe ɗan ruwan da ya sauka.

Ƙasar da ke shigo da mafi yawan abincinta ba ta da halin yin abokin gaba, kuma a kan wannan aka gina hulɗarta da waje. A zamanin yaƙin cacar baka sun karɓi taimako daga Tarayyar Sobiyet da Kuba da Sin, sun karɓa daga Amurka da Suwidin da Holan, ba su ba kowa sansanin soja ba. Abin da ya fi jawo musu magana shi ne filin jirgin saman tsibirin Sal. Ƙasashen Afirka sun hana jiragen Afirka ta Kudu ta wariyar launin fata ratsa samaniyarsu, amma Kap Ber, ƙasar magadan Cabral, ta bar su suna sauka shan mai a Sal, domin kuɗin saukar na daga cikin manyan hanyoyin shigarta. A wannan fili dai jiragen Aeroflot na Sobiyet suke sauka. A Sal ɗin kuma aka zaunar da wakilan Angola da na Afirka ta Kudu tattaunawa a ƙarshen 1982. Wani zai ce wayo ne, wani zai ce cin amana ne. Ni dai na ga mai rumbu cike ne ke da bakin zaɓen wanda zai gaisa da shi.

A Janairu 1991 aka yi zaɓen jam'iyyu da yawa, MpD ta Carlos Veiga ta kayar da PAICV, masu mulki suka miƙa kujera babu harbi. PAICV ta dawo a 2001, MpD ta sake dawowa a 2016. Ba a taɓa juyin mulki a ƙasar ba. Pedro Pires, wanda ya yi shugaban ƙasa daga 2001 zuwa 2011, ya sauka da wa'adinsa ya cika, ya samu kyautar Mo Ibrahim a shekarar. A 2007 Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙasar daga jerin mafi ƙarancin ci gaba, a Janairu 2024 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da zazzaɓin cizon sauro.

Sai dai tun 1991 fuskar ƙasar ta ƙara juyawa arewa. A 1992 aka sauke tuta mai ja da rawaya da kore da baƙin tauraro, aka ɗaga shuɗiya mai taurari 10, har masu suka na cewa ta yi kama da ta Tarayyar Turai. A 1996 aka canza taken ƙasa. A 1998 aka ɗaure kuɗinsu, eskudo, da na Fotugal, daga baya da yuro, a kan eskudo 110.265 kowane yuro ɗaya, abin da mu masu sefa muka san daɗinsa da ɗacinsa. A 2006 sojojin NATO suka yi atisaye a tsibiran, a 2007 aka ƙulla ƙawance na musamman da Tarayyar Turai, daga 2019 kuma Bature ɗan yawon buɗe ido yana shiga babu biza. Sin ma ba a bar ta a baya ba, ita ta gina majalisar dokoki da madatsar ruwa ta Poilão, kamar yadda ta gina mana gada ta biyu.

Mu fa, ƴan babban yanki? Kap Ber tana cikin CEDEAO tun shekarun farko, amma da ƙafa ɗaya a waje. Ƴan Senegal da Gine da Najeriya da ke zuwa aikin gini da talla a Praia da Sal, sau da yawa ana haɗa su duka a kira su mandjaku, sunan wata ƙabila ta Gine-Bisau da aka mai da shi kalmar raini. A 2021 kotun CEDEAO ta ce a saki Alex Saab, wakilin Benezuwela da aka kama a Sal a 2020, hukumomin Praia ba su bi hukuncin ba, suka miƙa shi ga Amurka. Amma a Agusta 2023, lokacin da ake maganar turo sojoji Nijar, shugaba José Maria Neves ya fito ya ce ƙasarsa ba ta goyon bayan amfani da ƙarfi, a bi hanyar tattaunawa. Da yawanmu ba mu ma ji ba. A watannin da aka rufe iyakoki, kaya suka maƙale a Kotonu, magani da shinkafa suka yi tsada, mun ɗanɗana abin da mutumin tsibiri ya sani tun fil azal, wato zaman jiran abin da zai shigo ta ƙofar wani.

Ƙofar da ba a gama buɗewa ba

Mu koma kan harshe. Kusan kowane ɗan Kap Ber da Kriolu ya fara magana. Babu ƙabilu masu harsuna daban-daban kamar nan. In akwai ƙasar Afirka da ya kamata harshen gida ya zama na hukuma cikin sauƙi, ita ce. Amma har yau Fotugis kaɗai ne harshen hukuma. Tsarin mulki ya ce gwamnati za ta samar da yanayin da Kriolu zai kai matsayi ɗaya da Fotugis, an rubuta haka tun gyaran 1999, ana nan ana jira.

Ba don ba a yi aiki ba. An yi taron masana a Mindelo a 1979 kan yadda za a rubuta harshen. Masanin harshe Manuel Veiga ya rubuta nahawu, ya kuma wallafa littafin ƙagaggen labari da Kriolu a 1987 don ya nuna zai yiwu. A 1998 aka amince da tsarin rubutu mai suna ALUPEC don gwaji, a 2009 ya zama na hukuma. To me ya hana? Abu biyu na gani. Na farko, kowane tsibiri da karinsa. Mutumin Santiago yana furta wasulan da mutumin São Vicente ke haɗiyewa, kuma da yake Santiago ke da fiye da rabin jama'a, na arewa suna tsoron in an ce Kriolu, na Santiago ake nufi. Na biyu, iyaye. Uban da ke fatan ɗansa ya tafi Lisbon karatu yana ganin duk awar da aka ba Kriolu a aji an sace ta ne daga Fotugis. Hujjar Cabral ke nan ta dawo da sabuwar riga. Sakamakon shi ne yaro ɗan shekara 6 yana shiga aji a fara koya masa karatu da harshen da ba ya yi a gida, abin da ni da kai muka sha a CI.

Akwai wani labari da ya ba ni dariya ya kuma sa ni tunani. Ranar 13 ga Oktoba 2025 ƙungiyar ƙwallon Kap Ber ta ci Eswatini 3 da 0 a Praia, ta samu gurbin gasar cin kofin duniya karo na farko. Cikin ƴan bayanta akwai Roberto Lopes, haifaffen Dublin, ɗan wani mutumin Kap Ber. Da farko da aka gayyace shi ta LinkedIn, da Fotugis aka rubuta saƙon, bai gane ba, ya ɗauka tarkacen talla ne, ya share watanni bai amsa ba. Harshen hukuma ya kusa sa ƙasa ta yi asarar ɗanta.

Mu nan, kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. A baya dokar 2001 harsuna 10 ta lissafa a matsayin na ƙasa. Na ga murna a fuskar wasu abokaina, na ga ɓacin rai a fuskar wasu, Zabarmawa da Fulani da Buzaye da Barebari, waɗanda muke cin abinci kwano ɗaya da su a resto. Tarihin Kap Ber ya sa na rage murna na ƙara tunani. Su harshe ɗaya gare su, kari kawai ya bambanta, amma tsoron danniya ya tsayar da su shekara da shekaru. Mu muna da harsuna da yawa, cikin Hausar ma akwai ta Damagaram, da ta Maraɗi, da ta Adar, da ta Arewa, ga Kananci da littattafai suka saba da shi. In ɗan Tawa ya ga an ce maganarsa kuskure ce, in ɗan Tilaberi ya ga ana nema a shafe tasa, to za mu tsaya inda suka tsaya, ko ma baya da nan.

Rubutu muna da shi tun taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, makarantun gwaji masu harshe biyu kuma tun 1973. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne abin karantawa: littafin lissafi, da na tarihi, da na kimiyya, da labarin wata ƙasa mai nisa da ɗalibi zai ɗauka ya karanta a harshensa ya gane. Shi ya sa na rubuta wannan da Hausa, ko da yake da Faransanci zai fi mini sauƙi, don sai da na yi kwana biyu ina neman yadda zan ce balen. Abokina mai karatun noma, wanda Bazabarme ne, ya yi alkawarin zai juya shi zuwa Zabarmanci don fitowa ta gaba, in kuɗin fotokopi sun samu. Wanda ke iya Fulatanci ko Tamajak ko Barbarci a cikinku, ya same mu a site ranar Asabar bayan la'asar, ya zo da biro da kaye.